DARASIN LAFIYA: MAI YAWAN BARCI DA RANA, DA YADDA ZA YA SHA MAGANINSA

Da wuya a sami garin da babu mutumin da a ke yi wa ba'a sabo da barci. Ana cikin hira, sai a ga ya sunkuyar da kai. Ana cikin aiki, sai a tarad da shi ya jingina da bango, ido a rufe. In yaro ne, malami ya kan ce da shi malalaci. In magidanci ne, a ce rago ne. In mace ce, dangin miji su ce son jiki gare ta. Sau da yawa mutumin bai yi isasshen barci da dare ba ne kawai. Amma akwai waɗansu waɗanda ciwo ne ke damunsu, ciwo na cikin ƙwaƙwalwa. Su kuwa ba su da ikon hana barcin nan, kamar yadda mai mura ba shi da ikon hana atishawa.

Darasinmu na wannan wata a kan ciwon nan ya ke, da magungunan da likitoci su ke bayarwa dominsa. Ga abin da mu ke so ku riƙe tun daga fari: akwai magani mai taimako ƙwarai, amma ba ya warkarwa, riƙe ciwon ya ke yi. Don haka shekara da shekaru za a yi ana shansa, magani ne kuwa mai ƙarfi. Abin da za a daɗe ana sha, ga kuma ƙarfi, lalle sai a bi ƙa'idarsa, in ba haka ba ya zama wani ciwon.

YADDA AKA SAN CIWON

A shekara ta 1880 wani likita na ƙasar Faransa, sunansa Gélineau, ya rubuta labarin wani mutum mai shekara 38, mai sana'ar gangunan zuba ruwan inabi a birnin Faris. Barci ya kan kama mutumin nan ba shiri, wata rana har sau 200, ko yana cin abinci, ko yana tafiya a hanya. In abin dariya ko abin murna ya same shi, sai ƙafafunsa su sake. Ya taɓa faɗuwa a gidan namun daji yana kallon birai. Likita Gélineau ya ga wannan ba farfaɗiya ba ce, ciwo ne dabam, sai ya sa masa suna narkolefsi, daga kalmomi biyu na Helenanci, ɗaya ma'anarta sandarewa, ɗaya kuwa kamu. Shekara 3 kafin wannan, watau a 1877, wani likitan Jamus, Westphal, ya riga ya ba da labarin mai irin alamun nan.

A Turai da Amurka an lissafta cewa kamar mutum 1 cikin 2,000 yana da ciwon. Bisa ga wannan lissafi, gari mai mutum 20,000 za ya sami kamar mutum 10. Yana kama maza da mata. Galibi ya kan soma tsakanin shekara 10 da shekara 30, watau daidai lokacin makaranta da koyon sana'a da aure. Da yawa su kan kai shekara 10 suna shan zargi kafin a gane abin da ke damunsu.

ALAMUNSA

Alama ta fari ita ce barcin rana wanda ba ya jin magana. Ko mutum ya kwana yana barci, da rana sai ya ji kamar ya kwana biyu bai runtsa ba. In ya ɗan yi barci na minti 15 ko 20, ya kan tashi garau, amma bayan sa'a 2 ko 3 abin ya komo. Wani lokaci hannunsa yana aiki alhali rabin hankalinsa ya tafi: ɗan makaranta ya ci gaba da rubutu, in ya farka ya ga zane-zane ne kawai.

Ta biyu ita ce sakin gaɓoɓi, likitoci suna ce da shi katafleksi. Dariya, ko mamaki, ko fushi, su ke kawo shi. Wani muƙamuƙinsa ne za ya sake, wani wuyansa ya langaɓe, wani gwiwoyinsa su lanƙwashe har ya faɗi. Ba ya wuce minti 1 ko 2, sau da yawa ma ɗan lokaci ne ƙanƙane. Ku lura da bambancinsa da farfaɗiya: mutumin ba ya fita hayyacinsa, yana jin dukan abin da a ke faɗi, sai dai ba ya iya motsi. Ba dukan masu narkolefsi ke da wannan alama ba.

Ta uku ita ce abin da mu ke kira dannau: mutum ya farka, ko yana shirin barci, ya kasa motsa hannu ko ƙafa. Ta huɗu, ganin waɗansu abubuwa ko jin muryoyi a bakin barci, kamar mafarki ido biyu. Ta biyar kuwa abin mamaki ce: mai barcin rana ba ya samun barcin dare mai daɗi, ya kan farka sau da yawa. Amma kada mai karatu ya tsorata don ya taɓa yin dannau. Masu lafiya da yawa su kan yi shi jefi-jefi. Sai ya haɗu da barcin rana mai tsanani na wata 3 ko fi za a yi zaton ciwon nan.

ME KE KAWO SHI?

Barci iri biyu ne, da marar mafarki da mai mafarki. Mai lafiya in ya kwanta, ya kan yi kamar minti 90 kafin ya shiga barcin mafarki. A cikin barcin mafarki kuwa ƙwaƙwalwa ta kan saki naman jiki duka, domin kada mai mafarkin gudu ya tashi da gudu.

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai waɗansu 'yan ƙwayoyin halitta masu yin wani sinadari, sunansa oreksin. Aikinsa kamar na mai tsaron ƙofa ne tsakanin barci da farkawa: da rana ya riƙe ƙofa a rufe, kada barci ya shigo. A 1998 aka gano sinadarin nan a Amurka. A 1999 masana na jami'ar Stanford suka ga cewa waɗansu karnuka masu gādon wannan ciwo, jikinsu ba ya karɓar saƙon oreksin. A 2000 aka tabbatar cewa mutane masu narkolefsi da sakin gaɓoɓi sun rasa kamar 9 cikin 10 na ƙwayoyin nan. Likitoci suna zaton sojojin jiki masu yaƙi da cuta ne su ke kuskure su hallaka su.

To, in mai tsaro ya tafi, ƙofa sai ta yi ta buɗewa tana rufewa yadda iska ta ga dama. Barci ya shigo da rana, farkawa ta shigo da dare. Sakin jiki na barcin mafarki ya faɗa wa mutum yana tsaye yana dariya, shi ne sakin gaɓoɓi. Mafarki ya zo tun bai gama rufe ido ba, shi ne gane-ganen nan. Kun ga ba lalaci ba ne, ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa daga wurin wani. Ƙwayoyin da suka mutu ba su sāke tsirowa, shi ya sa ciwon ya kan zauna da mutum dukan ransa. Shi kansa ba ya kisa. Abin da ke kisa shi ne hatsarin da barci ya kan jawo, a hanya, ko a bakin wuta, ko cikin ruwa.

KAMA DA WANE BA WANE BA NE

Kafin a yi zancen magani, wajibi ne a tabbatar da ciwon, gama abubuwa da yawa su kan sa barcin rana, ko wanne da maganinsa dabam.

Dattawanmu sun san ciwon barci wanda ƙudan tsando ke kawowa. Sabo da shi aka tayar da mutanen Anchau ta ƙasar Zazzau aka gina musu Takalafiya a zamanin Turawa. Wannan ciwo ne dabam sarai. Ƙwayar cuta ce ke shiga jini, ta kawo zazzaɓi da kaluluwa a wuya, in ba a yi magani ba ta kashe mutum. Ya ragu ƙwarai yanzu, maganinsa kuwa mai kashe ƙwayar cutar ne, yana warkarwa. In aka ba mai wannan ciwo maganin hana barci, an rufe masa baki ne kawai cuta tana cinsa.

Abin da ya fi sa barcin rana shi ne rashin isasshen barcin dare. Babban mutum yana bukatar sa'a 7 zuwa 9. Sai kuma mai munshari wanda numfashinsa ya kan tsaya cikin barci, ya yi ta firgita bai sani ba. Ƙarancin jini, da ciwon sukari, da baƙin ciki mai tsanani, su ma su kan sa kasala da gyangyaɗi. Haka kuma waɗansu magunguna, kamar Piriton da a ke sha don mura da ƙaiƙayi, da waɗansu magungunan tari.

Ga yadda a ke gwajin narkolefsi a asibitin da ke da na'urarsa. Mutum za ya kwana an liƙa masa wayoyi a kai da fuska da ƙirji, na'ura tana rubuta irin barcinsa. Kashegari za a sa shi ya kwanta sau 5, sa'a 2 tsakanin ko wace kwanciya. In barci yana ɗaukarsa cikin minti 8 ko ƙasa da haka bisa matsakaicin lissafi, ya kuma shiga barcin mafarki cikin minti 15 har sau 2 ko fi, alama ce mai ƙarfi. Wanda ya ke zaton yana da ciwon, bari ya nemi a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a babban asibiti. Kafin ya tafi, ya yi mako 2 yana rubuta lokacin kwanciyarsa da tashinsa, da ko wane barcin rana, da abin da ya faru in ya yi dariya. Ya tafi da wanda su ke kwana ɗaki ɗaya, gama mai barci bai san munsharinsa ba.

MAGUNGUNAN DA A KE BAYARWA

Za mu rubuta sunayensu kamar yadda su ke a jikin kwali, domin ku gane su in kun gani. Kashi uku ne.

Kashi na fari, masu riƙe mutum a farke. A 1935 aka soma ba da amphetamine domin wannan ciwo, a 1959 kuma methylphenidate. Har yanzu ana amfani da su, amma suna da ƙarfi: su kan ɗaga jini, su sa zuciya sauri, su rage cin abinci, mutum kuma yana iya kamuwa da jarabarsu. Don haka hukuma ta ke tsare su da doka. Daga baya aka sami modafinil a Faransa, Amurka ta yarda da shi a 1998. Shi ne likitoci da yawa su kan fara da shi, gama ya fi sauƙi a jiki. Galibi miligiram 200 ne da safe, ko a raba shi biyu, rabi da safe rabi da tsakar rana, ba a wuce 400 a yini. Akwai ɗan'uwansa armodafinil na 2007. Sababbi su ne pitolisant, wanda Turai ta yarda da shi a 2016, da solriamfetol, wanda Amurka ta yarda da shi a 2019.

Kashi na biyu, masu hana sakin gaɓoɓi, kamar venlafaxine da clomipramine. Asalinsu maganin baƙin ciki ne, amma suna danne barcin mafarki, ta haka su ke taimako. Kada wanda aka ba shi ya yi zaton likita ya ɗauke shi mai taɓin hankali.

Kashi na uku, sodium oxybate, wanda Amurka ta yarda da shi a 2002. Ruwa ne, da dare a ke shansa. Yana sa barci mai nauyi, da rana kuwa gyangyaɗi da sakin gaɓoɓi su ragu. Yana da amfani ƙwarai, shi ne kuma ya fi duka hatsari in an yi sakaci.

Waɗansu daga cikin magungunan nan suna da tsada, ba a kuwa samunsu a ko wace ƙasa. Likita ne za ya zaɓi wanda ya dace da jikin mutum, wanda kuma za a riƙa samu ba yankewa. A 2025 kamfanin Takeda na Jafan ya ba da labari cewa babban gwajin wata ƙwaya mai yin aikin oreksin ya yi kyau. Ko ita ma aron aikin mai tsaron ƙofa ta ke yi, ba ta mayar da ƙwayoyin da suka mutu.

ƘA'IDODI GOMA NA SHAN MAGANIN

1. Kada ka sha sai likita ya gwada ka ya rubuta maka. Ƙwayoyin hana barci da a ke sayarwa a tasha da kasuwa, waɗanda direbobi da leburori da ɗalibai su kan saya, babu mai sanin abin da ke cikinsu. Ka sayi naka a ɗakin maganin asibiti ko kantin magani mai rajista. In a Nijeriya ka ke, ka duba lambar NAFDAC a jikin kwali, da ranar da magani za ya lalace.

2. Ka faɗa wa likita dukan abin da ke jikinka: hawan jini, ciwon zuciya, ciwon hanta ko ƙoda, farfaɗiya, ko in ka taɓa yin taɓin hankali, ko ka taɓa kamuwa da giya ko ƙwaya. Ba a ba mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba modafinil, haka kuma mai bugun zuciya marar daidaito. A auna jininka kafin ka soma, a riƙa aunawa kuma bayan haka.

3. Ka kai masa dukan magungunan da ka ke sha, har da na gargajiya, ya gani da idonsa. Waɗansu magungunan tarin fuka da na farfaɗiya su kan rage ƙarfin modafinil. Tramadol in ya haɗu da venlafaxine ko clomipramine yana iya kawo zazzaɓi mai zafi da makyarkyata da ruɗewa, har da jijjiga. In za a yi maka aiki a asibiti, ko za a sa ka barci don cire haƙori, ka faɗi abin da ka ke sha.

4. Ka sha a kan lokaci. Maganin farkarwa na safe ne. Modafinil ya kan daɗe a jiki, bayan sa'a 12 ko fi rabinsa yana nan cikin jini. In ka sha da la'asar, za ka kasa barci da dare, gobe gyangyaɗi ya ƙaru, ka ce magani ba ya aiki. Solriamfetol ba a shansa in saura ƙasa da sa'a 9 a kwanta. In ka manta da safe har rana ta yi nisa, ka bar na ranar. Kada ka haɗa biyu kashegari.

5. Kada ka ƙara da kanka. Likita ya kan fara da kaɗan ya ƙara sannu-sannu, sannu kuwa ba ta hana zuwa. In ka ga magani ya rage ƙarfi, ka koma wurinsa, watakila wani abu ne dabam ya shigo, kamar munshari ko rashin barcin dare. Goro da shayi da kofi su ma masu farkarwa ne. Kaɗan da safe ba laifi, amma in sun yi yawa a kan magani, sai faɗuwar gaba da rawar hannu.

6. Kada ka tsayar da shi farat ɗaya. Wannan ya fi shafar maganin sakin gaɓoɓi. Wanda ya daina venlafaxine ko clomipramine dare ɗaya, sakin gaɓoɓi ya kan komo masa da ƙarfi fiye da dā, ya yi ta faɗuwa a kai a kai. Ka lissafta ƙwayoyinka, ka koma karɓo waɗansu tun da sauran na mako guda. In za ka yi tafiya, ka ɗauki isasshe cikin kwalinsa tare da takardar likita, gama magani ne da doka ta ke tsarewa.

7. Ka san alamun hatsari. Ciwon kai da tashin zuciya da bushewar baki a makon fari ba abin tsoro ba ne, su kan wuce. Amma in ƙuraje suka fito a jiki, ko baki ya yi gyambo, ko fata ta soma saɓulewa, musamman cikin mako 5 na fari da soma modafinil, ka daina shi nan take ka tafi asibiti ran nan. Haka nan in fuska ko harshe ya kumbura, ko ƙirji ya yi ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko ka soma jin muryoyi da rana tsaka, ko tunanin kashe kai ya zo maka. Mutanen gida su ma su san alamun nan, gama wani lokaci su za su fara gani.

8. Mace ta yi shawara da likita a kan ciki. A 2019 hukumomin magani na Turai da Kanada suka yi gargaɗi cewa modafinil yana iya ɓata halittar jariri a ciki, kada mai ciki ta sha. Ga kuma wani tarko: modafinil da armodafinil da pitolisant suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, da wadda a ke dasawa a hannu. Mace tana iya ɗaukar ciki ba ta sani ba alhali tana shan abin da za ya cuci jaririn. Likita za ya nuna mata wata hanya, ta riƙe ta har wata 2 bayan ta daina modafinil. Wadda ta ke son haihuwa, ita da mai gidanta su je wurin likita tun kafin ciki ya shiga. Mai shayarwa ita ma ta tambaya.

9. Mai shan sodium oxybate ya kiyaye dokarsa ba ragi. A bar sa'a 2 bayan cin abinci. A dama rabo biyu da ruwa tun kafin a kwanta. A sha na fari a zaune a kan gado, a kwanta nan da nan, gama barci yana iya zuwa cikin minti 5, wanda ya tashi yawo kuwa za ya faɗi. Na biyu bayan sa'a 2 da rabi zuwa 4. Kada a haɗa su biyu a sha gaba ɗaya. Akwai wani iri na 2023 wanda a ke sha sau ɗaya, ko wanne da tasa dokar. Kada a haɗa shi da giya ko maganin sa barci ko maganin ciwo mai sa maye, gama numfashi yana iya tsayawa mutum ya mutu cikin barcinsa. Kada a tuƙa mota sai bayan sa'a 6 da shansa. Yana da gishiri da yawa, mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya faɗa wa likita.

10. Ka kulle maganinka, kada kuma ka sammaka wa kowa. Ƙwayar da ta daidaita ka tana iya kayar da maƙwabcinka mai hawan jini, tana iya kashe ƙaramin yaro. Ɗalibin da ya roƙe ka ƙwaya ɗaya don jarrabawa, hana shi shi ne taimakonsa. In yaro ne mai ciwon, babba ya riƙe magani ya ba shi da hannunsa, a riƙa auna nauyinsa da tsawonsa, gama methylphenidate ya kan rage cin abinci ya jinkirta girma.

ABIN DA MAGANI BA ZA YA YI BA

Ko magani ya karɓi mutum, da wuya ya mayar da shi daidai da mai lafiya. Sauran aikin na mai ciwo ne da mutanen gidansa. Ya kwanta ya tashi a lokaci ɗaya kullum. Ya shirya ɗan barci na minti 15 ko 20 sau ɗaya ko sau biyu da rana, tun barcin bai kama shi da ƙarfi ba. Ya rage cika ciki da tuwo da rana, gama ƙoshi ya kan kira barci. Ya motsa jiki kullum, ya bar giya.

Zancen tuƙi babba ne. Magani ya kan sa mutum ya ji kamar ya warke, sai ya hau babur ko ya karɓi mota ya kama doguwar hanya. Barci na ƙiftawar ido ya isa ya hallaka shi da waɗanda ya ɗauka. A Ingila doka ta tilasta mai wannan ciwo ya sanar da ofishin lasin, ya dakata har likita ya shaida an shawo kan ciwon. Ko inda babu irin dokar nan, hankali ya nuna haka. Kada ya tuƙa sai likita ya yarda, kada ya yi tafiyar dare ko doguwar tafiya, in ya ji nauyin ido ya tsaya a gefen hanya ya yi barci. Mai sakin gaɓoɓi kada ya hau bishiya ko tsani, kada ya shiga kogi shi kaɗai, kada ya tsaya bakin rijiya marar murfi. Mace ta yi girki a zaune nesa kaɗan da wuta, in da hali da wani a kusa, ta yi wa jariri wanka a ƙasa cikin ruwa kaɗan.

Ku kuma 'yan'uwansa da malamansa da iyayen gidansa, kuna da rabo cikin maganin. In ya faɗi don dariya, kada ku ɗura masa ruwa ko ku tura masa cokali a baki. Ku kawar da abin da za ya ji masa rauni, ku yi magana a hankali, gama yana jinku, za ya tashi da kansa. Malami ya bar yaro ya kwanta minti 20 lokacin hutu, za ya ga bambanci a karatunsa. Mai gida ya ba ma'aikacinsa aikin da babu injin yanka ko hawan bisa. Wanda a ke yi wa dariya kullum ya kan ɓoye ciwonsa, ya tafi kasuwa ya sayi ƙwaya a asirce. Wanda aka gane ciwonsa kuwa ya kan tafi wurin likita, ya gama makaranta, ya yi sana'a, ya riƙe iyalinsa kamar kowa.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Faɗi alamu biyar na narkolefsi. Ta yaya sakin gaɓoɓi ya bambanta da farfaɗiya?
2. Mene ne bambancin ciwon nan da ciwon barci na ƙudan tsando?
3. Don me ba a shan maganin farkarwa da la'asar?
4. Me za ya faru in aka tsayar da maganin sakin gaɓoɓi farat ɗaya?
5. Waɗanne alamu ne za su sa a tafi asibiti ran nan?
6. Wane gargaɗi ne ya shafi mata?
7. Akwai wani a gidanku ko makarantarku da a ke kira malalaci sabo da barci? Me za ku yi masa cikin wannan wata?